Tambaya da Amsa: Shin In Tsallaka Daga MongoDB 4.4 Zuwa 8.0 Kai Tsaye?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai rubuta manhaja ne a Agege, kuma ni ke kula da manhajar da wasu dillalan albasa da tattasai na kasuwar Mile 12 suke rubuta motocin da suka iso daga Arewa a ciki, da adadin buhuna, da bashin da ke kan 'yan sari. Bayanan suna cikin MongoDB siga ta 4.4, a kan wata tsohuwar kwamfuta da ke ofishinmu. Na ji an fitar da siga ta 8.0. In tsallaka zuwa gare ta kai tsaye, ko in ƙyale abin yadda yake tunda yana aiki?
Daga mai karatu a Agege, Legas.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Saboda sauran masu karatu, MongoDB rumbun bayanai ne da ba ya jera bayani cikin jadawali mai layuka da ginshiƙai, sai dai ya ajiye kowane abu a matsayin daftari guda mai tsarin JSON, wani salon rubuta bayani inda kowane abu ke zuwa da sunansa a gefensa. Wato mota ɗaya da direbanta da buhunanta da sunayen masu kaya duk suna iya zama cikin daftari ɗaya, muddin bai wuce megabayit 16 ba.

Ƙyale shi yadda yake ba mafita ba ce. Kamfanin ya daina tallafa wa siga ta 4.4 tun watan Fabrairun 2024, ma'ana ko an gano wata kafa da ɓarayin intanet za su iya kutsawa ta cikinta, babu gyaran da zai zo maka, alhali abin da ke hannunka lissafin bashin mutane ne da lambobin wayoyinsu, waɗanda Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da su nauyin tsarewa. Tsallakawar ma ba ta yiwuwa, domin ƙa'idar MongoDB ita ce a hau matakala ɗaya bayan ɗaya: daga 4.4 zuwa 5.0, sannan 6.0, sannan 7.0, kafin a kai 8.0 wadda ta fito a watan Oktoban 2024. A kowane mataki akwai wani saiti mai suna featureCompatibilityVersion da za ka ɗaga da hannunka bayan ka tabbatar komai na tafiya daidai, kuma idan ba ka ɗaga shi ba, siga ta gaba ba za ta yarda ta tashi a kan bayananka ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wasiƙarka shi ne tsohuwar kwamfutar. Tun daga siga ta 5.0 ta shekarar 2021, MongoDB na buƙatar kwamfutar da ƙwaƙwalwarta ke da fasahar AVX, wadda ke hanzarta lissafi, kuma wasu tsofaffin injuna na hannu, irin waɗanda ake samu da araha a Computer Village ta Ikeja, ba su da ita. MongoDB za ta shiga kwamfutar lafiya lau, amma da ka kunna ta sai ta mutu nan take, ka wuni kana neman laifi inda babu shi. Ka binciki wannan tun kafin ka taɓa komai. Haka kuma siga ta 6.0 ta zo ba tare da tsohuwar manhajar ba da umarni mai suna mongo ba, mongosh ce ta gaje ta, sannan an cire tsohuwar hanyar da manhajoji ke magana da rumbun, don haka idan mahaɗin da manhajarka ke amfani da shi wajen magana da rumbun ya tsufa, zai daina aiki sai ka sabunta shi. A ganina, duk sanarwar sabuwar siga da ta fito, jerin abubuwan da aka cire ya fi cancantar mai ƙaramin aiki irin naka ya fara karantawa, domin abubuwan da ake tallatawa a 8.0, kamar ƙarin sauri da bincike cikin bayanan da aka rufe da ɓoyayyen rubutu, manyan kamfanoni ne suka fi cin moriyarsu.

Ka ɗauki kwafin bayanan, ka mayar da shi a wata kwamfuta daban don ka ga da idonka cewa kwafin yana buɗuwa, ka yi dukan matakan a can tukuna. Ranar aikin gaske kuma kada ta kasance da asubar da ake sauke kaya, kuma ka tanadi inbata ko janareta, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar sabuntawa na iya lalata fayiloli. Idan kana tunanin komawa Atlas, wato hidimar ajiye rumbun a intanet da kamfanin MongoDB ya buɗe a 2016 inda shi ke yi maka sabuntawar, to ka tuna da dala ake biya, kuma ka san yadda naira ta kasance tun daga watan Yunin 2023.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Wakilanmu suna karɓar adashi a unguwannin da sabis ke yankewa, kuma mun gina manhajar wayarsu a kan Realm don ta riƙa haɗa bayanai da Atlas idan sabis ya dawo. An ce mini wannan hidima ta ƙare. Gaskiya ne?
Daga mai karatu a Idi-Araba, Legas.

AMSA: Gaskiya ne, 'yar'uwa. MongoDB ta sayi Realm, wani rumbun bayanai da ke zama cikin waya, a 2019, ta mayar da hidimar haɗa bayanan zuwa Atlas Device Sync, sannan a watan Satumban 2024 ta sanar da cewa za ta rufe ta a watan Satumban 2025. Rumbun da ke cikin wayar yana nan, haɗawar ce ta tafi.

Mafi kusa da bukatarku shi ne rumbun bayanai na CouchDB na gidauniyar Apache tare da PouchDB, takwaransa da ke zama a na'urar mai amfani, domin tun asali an gina su ne don na'urori su yi aiki babu intanet su daidaita bayanansu daga baya, kuma ƙungiyar eHealth Africa mai ofishi a Kano ta yi amfani da su wajen bin sawun waɗanda suka yi hulɗa da masu cutar Ebola. Firestore na Google ma yana aiki babu sabis, sai dai a kan sabar Google kaɗai yake zama, kuma ana cajin ku bisa yawan karantawa da rubutawa. Kowanne kuka zaɓa, tunda kuɗi ne, ku rubuta kowane zubi a matsayin sabon daftari mai lambarsa, kada ku riƙa gyara jimilla guda, domin idan wakilai biyu suka gyara daftari ɗaya babu sabis, CouchDB zai ajiye duka biyun ya nuna ɗaya, kuma manhajarku ce za ta warware saɓanin.