La'ada daban, toshiyar baki daban: amsa ga mai shago a Kwari da ke zaune a Ingila

Wasiƙar wannan makon daga Ingila take. Mai ita yana aikin kula da tsofaffi, yana lissafin ranar da zai nemi takardar zaman dindindin. Da guminsa ya kama shago a Kantin Kwari, ya yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da sunansa, yayansa ke zama a ciki. Sun saba ba yaran da ke jawo masu saye la'ada. Yanzu wani ya samo musu hanyar kai yadin yunifom wata ma'aikatar gwamnati, amma sai an ware wa jami'in sayen kaya kashi 10, a biya kafin a sa hannu. Hajiyarsu ta buga waya ta ce kada ya kunyata yayansa. Yana tambaya: ba duk la'ada ba ce?

Ɗan'uwa, a'a. Abu biyu aka haɗa maka a ƙwarya ɗaya.

Yaron da ke tsaye a bakin layi, ya tsinci ɗan kasuwa daga Maraɗi ko Maiduguri, ya riƙo shi har shagonku, a yi ciniki a sallame shi, halalinsa ya ci. Dokar Najeriya ba ta hana ba, malamai kuma sun halatta dillanci. Ku dai yanke nawa ne a kan kowane turmi tun kafin ciniki, a rubuta a littafin shago da sunansa da kwanan wata. Haka ma tsohuwar kwastoma da ta turo ƙawarta aka yi mata ihsani.

Jami'in can fa? Albashi ake ba shi don ya zaɓo wa ma'aikata kaya mai kyau da araha. Ga ma'aunin da nake ba mutane: a gaban shugabansa za a iya miƙa masa kuɗin, a karɓi rasit? In ba za a iya ba, sunan abin rashawa, ko da an yi masa laƙabi da "kuɗin goro". Ka tuna ma'aikacin zakkar nan da ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka yi mini, Annabi (SAW) ya ce me ya hana shi zama gidan iyayensa ya ga ko za a kawo masa. Dokar ICPC (hukumar yaƙi da rashawa ta Najeriya) ta shekarar 2000 ba ta bar mai bayarwa ba, ɗaurin shekara 7 ta tanadar masa.

Ga inda kai ka fi yayanka shiga tarko. Ingila tana da dokar cin hanci ta 2010, kuma tana bin duk wanda can ne mazauninsa, ko a Kano aka ba da kuɗin, ko jami'in na kamfani ne ba na gwamnati ba. Hukuncinta yana kai shekara 10. Daga asusunka kuɗin za su fita, sunanka ne a CAC, muryarka ce a WhatsApp tana cewa "a ba shi kawai". Kuma ka san fom ɗin zaman dindindin yana tambayar ko an taɓa hukunta ka a kowace ƙasa.

Shi kuwa mai "samo hanyar", shi na fi tsoro. Na ga irinsa ba sau ɗaya ba. Wani da ke aiki a Jidda aka turo masa hoton takardar oda, da tambari da sa hannu da koren biro. Ya tura kuɗin jami'i, aka ciwo bashin yadi aka jibge a shago. Da ƙaninsa ya je ma'aikatar, ba wanda ya san da zancen, wayar ɗan kamashon kuma a kashe. Ƙara ma ya kasa kaiwa, don me zai ce wa 'yan sanda? Kuɗin rashawata aka cinye? Dillalin gaskiya bayan ciniki ya faɗa yake karɓar la'ada. Wanda ya nema tun kafin a ga kaya, ka rufe aljihu.

Maganar Hajiya kuma, ina bayanka. Mun ɗauki wata mummunar ɗabi'a: wanda ke waje ya turo kuɗi ya yi shiru, in ya yi tambaya a ce ya yi arziki ya raina na gaba. Yayanka yayanka ne, amma ba shi ke tsayuwar awa 12 yana ɗaga tsofaffi ba, kuma in takardarka ta lalace ba shi za a koro ba. Na tabbata ba a gaya wa Hajiya komai ba, "la'ada" kawai ta ji. Ka kira ta da kanka, bayan sallar asuba lokacin gida shiru, ka ce: "Hajiya, ma'aikacin gwamnati za a ba kuɗi a ɓoye, kin yarda in ci wannan?" Sannan ka ce wa Yaya ya je ma'aikatar da ƙafarsa ya tambayi yadda ake shiga neman kwangila. In akwai ta da gaske, kai za ka biya kuɗin fom.