Wayoyin alhazai sun ƙi hawa intanet a masaukinmu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina kula da wani masaukin alhazai a Misfala, nan Makka. Lokacin aikin hajji mukan sauki mutum kusan 300, sai wayoyi su kama Wi-Fi amma intanet ya ƙi zuwa. Adireshin rautarmu, wato na'urar da ke raba mana intanet, 192.168.1.1 ne. Mene ne mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ga dukkan alamu adireshi ne ya ƙare maka, domin kowace na'ura sai ta samu nata adireshin kafin ta hau intanet. Duba sabnet mas ɗinka, wato lambar da ke ƙayyade yawan adireshin da za ka iya rabawa, za ka tarar da 255.255.255.0. Wannan adireshi 254 kawai yake bayarwa, rauta ta ɗauki ɗaya, ga kyamarori da firinta. Alhaji kuwa sau da yawa waya biyu gare shi, ta gida da wadda ya sa wa layin Saudiyya. Idan ka buɗe kwamfutar da ta kasa hawa ka ga adireshinta ya fara da 169.254, magana ta tabbata: ta nema ba a ba ta ba, sai ta laƙaba wa kanta.

Tun 1994 aka ware rukuni uku na adireshi don amfanin cikin gida: masu farawa da 10, da 172.16 zuwa 172.31, da kuma 192.168. Ni dai ina ba ka shawarar ka koma rukunin 10. Ba wa rauta 10.20.0.1, ka sa mas 255.255.252.0, ka samu adireshi 1,022, daga 10.20.0.1 zuwa 10.20.3.254. Da wannan mas ɗin, lamba ta uku ta adireshin farko dole ta zama 0, 4, 8 da sauransu, ba ka da ikon farawa daga 5.

Sai ka shiga sashen DHCP na rautar, wanda ke ba wa na'urori aron adireshi da kansa, ka faɗaɗa abin da yake rabawa, daga 10.20.0.50 zuwa ƙarshe, na ƙasa ka bar wa na'urorin ofis. Ka kuma rage wa'adin aron adireshi zuwa awa huɗu, domin alhajin da ya tafi Madina jiya kada ya ci gaba da riƙe maka gurbi.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne kyamara da firinta da aka rubuta wa adireshi da hannu. Ba sa canzawa da kansu, sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka sa musu sabon adireshi da sabon mas, in ba haka ba su ɓace maka. Kuma ƙaramar rautar gida ba za ta ɗauki wayoyi ɗaruruwa ba ko da adireshi ya wadata, ka nemi ta kasuwanci, ka sa na'urar watsa Wi-Fi a kowane bene.