Wanda ya karɓi aikin kamfin ɗin yara ya gudu, yana da laifi ko aikin sa kai ne kawai?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Mu ne muke shirya wa ɗaliban Islamiyyarmu maza kamfin duk hutun Disamba, kwana 4 a wata firamare a ƙauyen kusa da mu, kaman dai yadda ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta Najeriya (MSSN) suke yin taron kwana na karatun addini a lokacin hutu (IVC) amma namu ƙarami ne. Mu 9 ne a kwamiti kuma babu mai albashi. Toh bara wanda ya ce shi zai riƙe gadin dare sai ya kwana ɗaya ya kama hanyar gida ko sallama babu, da muka yi magana ya ce ai aikin sa kai ne ba wanda zai tilasta shi. Wasu kuma lakca kawai suke so, ruwa da itace da wanke tukunya an bar wa mutum biyu. Sannan ni ne ma'aji, ko zan iya cire kuɗin man babur ɗina da kati daga kuɗin da iyaye suka biya?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya saka muku da alheri.

Bari in fara da mai gadi don nan ne maganar take da nauyi. Abin da ya faɗa rabinsa gaskiya ne. Kafin ya buɗe baki a mitin ya ce ni zan yi, babu wanda yake da ikon ɗora masa, nafila ce. Amma tunda ya karɓa, kuka dogara da shi ba ku nemi wani ba, iyaye suka miƙo 'ya'yansu, to hukuncin ya canza. Malamai sun yi saɓani a kan cika alƙawari, da yawa suna ganin mustahabbi ne mai ƙarfi, amma mashhurin mazhabar Malikiyya da muke kai shine idan ka yi wa mutum alƙawari har ya shiga wata ɗawainiya saboda maganarka to ya zama dole ka cika. Ku kuwa kun riga kun shiga, yara na kwance a aji taga babu ƙyaure. Ya duba aya ta 62 a Suratun Nur, Allah ya yabi muminai da cewa idan suna tare da Annabi (SAW) a kan wani al'amari da ya tara jama'a ba sa tafiya sai sun nemi izini, kuma malamai sun ɗauko ladabin kowane aikin gayya daga nan. In uzuri ne ya taso masa, matarsa na naƙuda ko an kira shi wajen aiki, ba laifi, amma ya faɗa wa shugaban kwamiti ya miƙa tocila da usur ga wani hannu da hannu. Sulalewa cikin dare kam kuskure ne, ya yi istigfari ya ba ku haƙuri, kuma da wani abu ya sami yaro saboda tafiyar tasa da yana da kaso a alhakin.

Ku ma dai kuna da naku. Ta yaya za a bar wa mutum ɗaya gadin dare huɗu a cikin hunturu? ko soja ne ai sai ya gaji. A raba daren gida biyu ko uku, mutum bibbiyu, kuma wannan bibbiyun ba don barci kawai ba, kada a bar babba ɗaya ya keɓe da yaro, kariya ce ga yaron kuma kariya ce ga mutuncin malamin. Kowane yaro da tabarmarsa da bargonsa, hadisin raba wa yara makwanci in sun kai shekara 10 yana aiki a kamfin fiye ma da gida. Mai gadin ƙarshe kafin a kwanta ya zagaya ya kashe garwashin da yara suke jin ɗumi, Annabi (SAW) ya hana a kwana a bar wuta.

Shi kansa gadin ba ƙaramin aiki ba ne. Daren da za a shiga Hunaini Annabi (SAW) ya tambaya wa zai yi mana gadi, Anas ɗan Abu Marsad Al-Ganawi ya ce ni, ya kwana a kan dokinsa a bakin kwari bai sauka ba sai don sallah ko biyan buƙata, da safe aka yi masa bushara babba. Abu Dawud ne ya kawo.

Sai masu son makirfo. Wallahi wannan ciwon na gani a wurare da yawa, za ka ga mutum ya zo da babbar riga da turare ƙarfe 10 na safe ya yi lakca a kan ikhlasi ya shiga mota ya tafi, wanda ya tashi tun asuba yana hura wuta idonsa ya yi ja da hayaƙi ko sunansa ba a ambata a jawabin godiya. Su karanta hadisin Anas da ke Bukhari da Muslim: ana tafiya a rana mai zafi, wasu na azumi wasu sun sha, da aka sauka masu azumi suka zube, waɗanda ba su yi azumi ba suka tashi suka kafa tantuna suka shayar da dabbobi, sai Annabi (SAW) ya ce yau kam marasa azumi sun tafi da lada. A hanyar Badar kuma mutum uku-uku ake karɓa-karɓa a raƙumi ɗaya, da abokan hawan Annabi (SAW) suka ce ya zauna su za su taka sai ya ƙi, ya ce ba ku fi ni ƙarfi ba kuma ban fi ku wadatuwa daga lada ba. (Labarin nan da ake yawan bayarwa na yanka akuya, wai Annabi (SAW) ya ce ni zan ɗebo itace, ba shi da isnadi ingantacce, waɗannan sun ishe mu.) Ba wai dole kowa ya yi aiki iri ɗaya ba, dattijon da gwiwa ke damunsa ba za a sa shi tura kurar ruwa ba, a ba shi rijistar yara ko akwatin magani. Amma mai lafiya ya ce shi karantarwa kawai ya iya, a'a.

Gyaran abu ne mai sauƙi, ku naɗa amir guda ɗaya kaman yadda hadisi ya ce in mutum uku sun fita tafiya su shugabantar da ɗayansu, ya zauna da ku a yi shawara a rubuta aikin kowa da sunansa a tura guruf ɗinku na WhatsApp tun sati biyu kafin tafiya. Aikin da aka ce "na kowa ne" shine wanda ba wanda zai yi.

Maganar kuɗi kuma, kai wakili ne, amana ce a hannunka. Man da ka ƙona wajen zuwa kasuwa sayen shinkafa ko neman motar da za ta kwashi yara, da katin da ka kira iyaye da shi, hidimar kamfin ce ya halatta a biya ka, amma ba kai za ka yanka wa kanka ba. Kai wa kwamiti su amince, ka rubuta, ka ajiye rasit in akwai. Ladan wahala kuwa ba ka da shi sai in tun farko an sanar da iyaye cewa akwai shi a cikin kuɗin. Abin da ya yi saura na iyaye ne, ko a mayar musu ko a nemi yardarsu a ajiye na baɗi. In kuɗi ya ɓace ba da sakacinka ba babu ramuwa a kanka, in kuwa ka bar jaka a kan benci ka tafi alwala to za ka biya. Haɗa abinci a ci tare kuma ba komai ko da wani yaron ya fi wani ci, Annabi (SAW) ya yabi ƙabilar Ash'arawa a kan haka.

Wallahu a'alam.