Amsa ga Yayana a Katsina game da hotunan kyamarar roba

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da dukan mutanen gida, na ga tambayarka a kan hotunan taron Sallah da muka aiko daga Manchesta. Ka ce kusurwoyinsu huɗu sun yi duhu, fuskokin na gefe sun fito dishi-dishi, wani jan haske kuma ya ratsa ɗaya daga ciki, har kana tunanin ko wayoyinmu ne suka lalace, ko wani hali muke ciki da ba mu faɗa ba. Lafiya ƙalau muke, alhamdu lillahi. Da gangan aka ɗauke su haka, da wata kyamarar roba mai cin fim wadda 'yarka mai sunan Inna da wasu sa'o'inta 'ya'yan Hausawan nan suke yawo da ita.

Sunan kyamarar Holga, kuma an fara ƙera ta a Hong Kong a 1982 domin masu ƙaramin ƙarfi na ƙasar Sin su samu abin ɗaukar hoton iyali. Kusan komai nata roba ne, har da idon da haske ke shiga ta cikinsa. Ba ta auna haske, ba ta auna nisa. Zane huɗu ne kawai a bakinta, na mutum ɗaya, na mutum uku, na taro, da na dutse, sai mai ɗauka ya kintata ya murɗa zuwa wanda ya ga ya dace. Fim ɗinta mai faɗi ne, wanda ake kira 120, kuma hoto 12 kacal yake bayarwa, kowanne santimita 6 tsaye da kwance. Tana da yaya mai suna Diana, wadda aka riƙa yi a Hong Kong ɗin tun shekarun 1960 ana sayarwa a matsayin abin wasan yara. Abin da ya farfaɗo da irin wannan ɗaukar hoto a Turai shi ne wasu ɗalibai 'yan Biyana ta ƙasar Ostiriya da suka ci karo da wata ƙaramar kyamarar Rasha mai suna Lomo LC-A a birnin Firag na ƙasar Cekoslobakiya ta wancan lokaci a 1991, suka kafa ƙungiyar Lomography a 1992, daga baya suka sake ƙera Diana a 2007. Ita Holga an daina yin ta a 2015, amma ba a jima ba aka ci gaba saboda masu nema.

Duk abin da ka lissafa a matsayin aibu, shi yaran suke so. Idon roba yana fitar da tsakiyar hoto sarai, ya bar gefe da laushi da duhu, sai idon mai kallo ya tafi kai tsaye ga wanda ke tsakiya. Murfin bayanta ba ya rufuwa ruf, haske kan sato hanya ya ƙona gefen fim, shi ya sa za ka gan ta an naɗe ta da baƙin tef irin na masu gyaran wuta, kowa kuma yana barin kafar da yake so. Tun da ba ta hana mutum dannawa sau biyu kafin ya murɗa fim gaba, ana iya ɗora hoto a kan hoto. Na ga wanda mai sunan Inna ta yi: ta ɗauki tafin hannun ƙawarta da jan lalle, ba ta murɗa ba, ta juya ta ɗauki bangon jan bulo na layinmu, sai zanen lallen ya fito kwance cikin jerin bulon, yatsu suna ɓacewa a inda taga take. Waya tana iya kwaikwayon wannan, amma ita yarinyar sai da ta yi haƙuri har aka wanke fim kafin ta san ko ya yi.

Wankin ma sukan yi shi a gida idan fim ɗin baƙi da fari ne. Mai sunan Inna tana zura hannuwa cikin wata baƙar jaka, ta naɗa fim a cikin gwangwanin da haske ba ya shiga, sannan ta zuba ruwan da ta haɗa da garin kofi da sodar wanki da bitamin C, tana juyawa tana duba agogo. Warin haɗin ba daɗi, kuma dole a biyo shi da maganin da ke tsayar da hoton, amma dodon hoto, wato fim ɗin da aka wanke wanda daga shi ake buga hoto a takarda, yana fitowa, ta shanya shi a banɗaki da abin maƙale shanya.

Dalilin da ya sa iyaye da yawa a cikinmu suka karɓi abin ya wuce kyan hoto. Ka san yadda bikinmu ya koma, a nan da can: kafin amarya ta zauna, hotonta ya zaga WhatsApp, har ya kai hannun wanda ba a gayyata ba. Mata da dama a nan suna kauce wa waya a wurin taro saboda haka, amma suna tsayawa wa kyamarar roba, domin sun san hoto 12 ne, dodonsa yana hannun yarinyar da suka san iyayenta, kuma a takarda za a kawo musu. Ƙarancin fim ya sa yaran sun koyi sallama da neman izini kafin su ɗaga kyamara, sun koyi jira a gyara ɗaurin ɗankwali a zaunar da manya a gaba, kamar yadda ake yi lokacin da mai hoto ke zuwa gidanmu ranar Sallah. Wannan tarbiyya ce da muka yi ta faɗa da baki ba ta shiga ba. Akwai kuma batun fata: wayoyi da yawa suna goge fuska su haskaka ta, har yarinya ta fara ƙin kamanninta na gaskiya, fim kuwa ba ya yi wa kowa wannan gyara.

Ba kowa ya yarda ba. Wasu dattawanmu suna ganin ɓarnar kuɗi ce, kuma suna da hujja, domin kyamarar ce mai araha, fim da wanki da bugawa kuwa suna da tsada, naɗi kaɗan za a saya kuɗinsu ya haura na kyamarar. Yaran da ke yin abin ma tsiraru ne. Ni ra'ayina shi ne, idan ana son adana fuskar dattijo domin jikoki, a nemi kyamara mai kyau a ɗauka sarai, kada a jingina wannan amana ga abin da ke iya ƙonewa. Sauran hotunan kuwa ina goyon bayansu ƙwarai.

Mai sunan Inna tana da niyyar zuwa da kyamarar Babbar Sallah in Allah ya kai mu, tana son hawan Sarki a Ƙofar Soro da Hasumiyar Gobarau. Ranar Katsina za ta yi wa kyamarar daɗi, domin haske mai ƙarfi take so, kuma gajimaren Ingila yana hana ta. Zafi ne abin tsoro, don haka a ba ta ɗan wuri a firji ta ajiye fim. Ina kuma roƙonka ka duba akwatin Baba, idan tsofaffin dodannin hoto suna nan cikin ambulan ɗinsu, kada a zubar, kada yara su taɓa su da hannu, a ajiye su inda ba laima, domin za ta iya sake buga su idan ta zo. A gaida Inna da Anti da yara duka.