Tukunyar Oksijin Nawa Za Ta Ishi Ɗakin Yara?

Ka tambaye ni tukunyar oksijin nawa za mu yi oda wa ɗakin yara na asibiti kafin hunturu ya kankama. To yarona, a wannan sana'a lita ake ƙirgawa, tukunya kuma ta biyo baya.

Babbar nan da ta kai maka kafaɗa, in an cika ta tsakani da Allah, lita 6,800 take ɗauka. Jariri yakan sha rabin lita zuwa lita 1 a minti, wanda ya ɗan tasa kuwa 1 zuwa 2. Yaro guda a kan lita 2 zai kai ta kwana biyu da 'yan awanni. Amma ka ɗora wa babban mutum lita 10, awa 11 ta ƙare. Saboda haka je ka wurin nas, ta buɗe maka rajistar hunturun bara, ka ga yara nawa nimoniya ta kwantar da kwanakin da suka yi a kan iska.

Ni dai ba na son a dogara da tukunya. Ajiya ce don ranar da aka ɗauke wuta, janareta kuma ya ƙi tashi. Aikin yau da gobe na injin tace iska ne. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 ne oksijin. Injin yana tura ta cikin wasu ƙwayoyi da ake kira ziyolait, su riƙe naitirojin, oksijin da ke cikin abin da ya fito ya haura kashi 90. In ka sa masa marabar bututu, inji mai lita 5 zai ɗauki jarirai har biyar.

Sai dai ƙura ce ajalinsa. Soson nan na bayansa, duk mako ka wanke shi, ya bushe ƙayau kafin ka mayar, domin danshi ma yana kashe ziyolait. Kada ƙararsa ta ruɗe ka: yana iya gunji, ƙwallon ma'auni na rawa, alhali iska zalla yake hurawa. Sa masa na'urar gwajin oksijin. In ya gaza kashi 82, fitar da shi daga ɗakin.

Yoyo kuma, shafa ruwan sabulu a mahaɗar regileta, wato abin da ke daidaita fitar iska a bakin tukunya. In ya yi kumfa, kuɗi ne ke tsiyaya. Giris ko mai, ko a hannunka ne, kada ya kusanci bakin tukunya, gobara ce.

Ka kuma tabbata abin maƙalawa a yatsa, mai auna oksijin da ke cikin jini, yana da batir. Da shi ake gane wanda ya sauka ƙasa da kashi 90, da wanda ya warware ya kamata a cire masa a ba wani.