Wace ce gaba a tsofaffin motocin ƙarfi na Amurka? Amsar maigidan gareji

Wani yaron gareji ne ya tambayi maigidansa: "Oga, jiya mun yi gardama da yaran masu fenti a kan tsofaffin motocin Amurka masu manyan injuna, na tsakanin 1964 da 1971. Wani ya ce GTO, wani ya ce Charger mai injin Hemi na kamfanin Chrysler, ni kuwa na tsaya a kan Chevelle SS 454 ta Chevrolet, tunda ita ce mai doki 450. Wace ce gaba da kowa?" Ga amsar da ya samu.

Chevelle ka ce? Ajiye sifanar nan, ka taɓo mini inda ke ciwo.

Ku yaran yanzu a waya kuke tuƙa mota. Ka ga 450 a rubuce ka ɗauka magana ta ƙare, ba ka san yadda aka auno ta ba. Kafin 1972 kamfanonin Amurka suna auna ƙarfin inji ne a kan teburin gwaji, ba salansa, ba filtar iska, ba komai da ke jan ƙarfi a jikinsa. Daga 1972 aka koma aunawa da kayansa duka, sai lambobin suka zube. Ga kuma waɗanda suke rage lambar da gangan saboda tsoron kamfanonin inshora. Hemi an rubuta masa 425, kuma duk wanda ya san injin ya san an yi masa rowa. To da wace lamba za ka yi gardama?

GTO tana da girman fari, wannan ba musu. A 1964 John DeLorean da mutanensa a Pontiac suka ɗauki inji 389, wato lita 6.4, suka cusa a matsakaiciyar mota Tempest, alhali dokar cikin gida ta General Motors ta hana girman inji ya wuce 330 a irin wannan jiki. Suka zagaye dokar, suka sayar da sama da 32,000 a shekarar. Ita ta buɗe ƙofa. Amma wanda ya riga kowa zuwa ba lalle shi ya fi kowa ba.

Chevelle ɗinka kuwa, mai lambar inji LS6 ta 1970, inji ne na gaske: lita 7.4, matsi 11.25, karanshaf na ƙarfen ƙira, noti huɗu a kan kowane murfin babban metal, kafireta Holley mai baki huɗu. Waɗanda aka ƙera ba su kai 4,500 ba. Yau kuwa in ka tara masu cewa tasu LS6 ce, sun ninka haka. Dalili shi ne lambar jikin Chevelle ta 1970 ba ta nuna ko SS ce ko Malibu ce ta zuwa cefane. Kowane ɗan damfara zai sayi tambari ya manna, ya ja baƙaƙen layuka biyu a bonet.

Irin wannan ce wani attajiri ya sayo daga waje da kuɗi masu nauyi, aka jawo ta nan garejin tana hayaƙi. Wurin farko da ake dubawa shi ne ɗan dandamalin da ke gaban tof silinda na hannun dama, inda kamfani ke buga haruffa. LS6 mai giyar hannu CRV ake buga mata, mai otomatik CRR. Nata an goge shi da injin gurza, an sake bugawa, haruffan ko layi ba su yi ba. Da aka sauke sam, noti biyu-biyu ne a murafen metal. Da aka cire manifol, ramukan shigar mai a tof silinda masu siffar ƙwai ne, na LS6 kuwa masu kusurwa huɗu ne. An gaya masa gaskiya: Alhaji, an cuce ka, 454 ne amma ba wanda ka biya ba. Ya ce a rufa masa asiri, a gyara ta ta yi ƙugi irin na asali, kuɗi ba matsala. Duk ranar da ka ji mai mota ya ce kuɗi ba matsala, karɓi naka a hannu kafin ka kwance noti ɗaya.

Aka yi odar kamshaf da tafet goma sha shida masu ƙarfe zalla irin na LS6, da metal, da zobba, da gasket. Kuɗin gareji ne ya tafi, shi yana cewa in an gama a haɗa lissafi. Aka ɗaure inji tsaf. Abu ɗaya ya rage, baƙin man tayarwar farko, wanda yake kan hanya.

Buɗe kunnenka a nan, don shi ne abin da zai amfane ka. Injunan wannan zamani tafet ɗinsu ba mai taya ba ne irin na motocin da kake gani yanzu. Gindinsa shafaffe ne, yana gugar ƙullutun kamshaf kai tsaye, ƙarfe a kan ƙarfe, ga sifirin ɗin bawul yana danna shi da ƙarfi. Abin da ke hana su cin juna wani sinadari ne mai zinki da ake kira ZDDP a cikin baƙin mai. Man zamani an rage masa shi saboda yana lalata tukunyar tace hayaƙi da ke salansar sababbin motoci. Saboda haka galan mai tsada da kake ganin ya fi kowanne kyau, shi ne zai kashe sabon kamshaf irin wannan.

Tayarwar farko tana da ƙa'ida. Kowane ƙullutu da gindin kowane tafet sai an shafe su da man moli mai kauri. A cire distirbuta, a zura sanda a juya famfon mai da injin huji har mai ya fito a saman rokoki duka. In sifirin ɗin bawul biyu ne a haɗe, a cire na ciki tukuna. A saita taimin, a cika kafireta da fetur, don inji ya kama a bugu ɗaya. Dogon jan sitata yana share man da ka shafa. Yana kamawa ka kai shi juyi 2,000 zuwa 2,500, ka riƙe shi nan minti 20 zuwa 30, kana ɗan hawa kana sauka. Ba a barinsa a sulo ko na minti ɗaya, domin ƙullutun kamshaf da fantsamar man karanshaf suke sha, a sulo kuwa fantsamar ba ta kai musu. Murfin bawul a buɗe ko a yanke, idonka a kan sandunan tura roka: kowace ta riƙa juyawa a hankali. Wadda ta tsaya cik, tafet ɗinta ba ya juyawa, kashe inji nan take. In an gama a zubar da man da zafinsa, a yanka filta a duba cikinta, sannan a mayar da sifirin na ciki a sake saita bawul.

Duk wannan an gaya wa attajirin nan, an ce kada kowa ya taɓa makulli. Ranar wata Juma'a, ana masallaci, ya turo ɗansa da direba, wai akwai ɗaurin aure, ana so ango ya fito a cikinta. Suka sami ƙaramin yaro a gareji suka yi masa tsawa. Suka juye mata 5W-30 na motar gidansu, suka yi ta jan sitata har batir ya mutu, suka kawo wani. Da ta kama suka bar ta a sulo tana girgiza, ɗan yana zagaya ta da waya yana ɗaukar bidiyon ƙararta. Ba ta kai gidan biki ba ta fara ƙas-ƙas a sama, tana tari ta kafireta.

Da aka buɗe, ƙullutu uku sun shafe sun koma kusan da'ira, gindin tafet ɗinsu ya rarake ya yi kwari. Man da ke sam yana ƙyalli, ka sa yatsa ka ji gari-gari. Garin ƙarfen nan ya bi mai ya shiga metal duka, ya karce karanshaf, ya karce famfo. Aikin ya koma farko, har da wanke kowace hanyar mai a bulok da buroshi. Sai mutumin ya ce aikin gareji ne bai yi kyau ba, sisi ba zai biya ba, ya aiko da motar ja ya ɗauke abarsa. Ya bi gari yana cewa an lalata masa LS6 ta asali, motar da shi da kansa ya roƙa a rufa masa asirinta. Kuɗin kayan nan har yau suna wuyansa, kuma ban yafe ba. Allah ya isa.

To ka ji Chevelle. Ko ta asalin ce, matsi 11.25 fetur mai dalma mai lambar oktan kusan 100 aka yi wa, wanda babu shi a gidan mai yanzu. Ka zuba wanda muke da shi ta yi ta ƙwanƙwasa har fistin ya huje, sai dai ka ja taimin baya ka zubar da dokin da kake taƙama da shi. Ga saitin bawul da ba ya ƙarewa.

Hemi fa? Don tsere aka haife shi. Richard Petty ya ci tseren Daytona 500 da shi a 1964, kuma da shi Buddy Baker ya haura mil 200 a awa a filin tseren Talladega a 1970, cikin Charger Daytona. Na titi ya fito daga 1966 zuwa 1971 da kafireta Carter biyu. A sama ba mai kama shi. A cikin gari kuwa fulogi yake jiƙawa, kafiretocin nan biyu sai wanda ya iya, kuma har 1969 tafet ɗinsa na saitin hannu ne. Kamfanin da kansa garantin shekara ɗaya ko mil 12,000 ya ba shi, alhali sauran injunansa shekara biyar ne. Mai abu ya san abinsa. Cuda mai Hemi mai buɗaɗɗen rufi ta 1971 da aka sayar dala miliyan 3.5 a gwanjo a 2014, ƙarancinta aka saya, ba a ƙera ko ashirin ba.

In ni za ka tambaya, Plymouth Road Runner ta Chrysler ce, ta 1969, mai inji 440 da kafireta uku. Da ta fito a 1968 mafi arharta ba ta kai dala 3,000 ba, ma'aikacin masana'anta yana iya saye, kuma abin da aka ƙirƙiro irin waɗannan motoci dominsa ke nan: babban inji a jiki mai araha. Kujerar benci, ba ƙyale-ƙyale. A 1969 an sayar da sama da 80,000. Mai kafireta ukun doki 390 aka rubuta mata, ƙarfin murɗawa 490 daidai da na Hemi, amma tun daga ƙasa yake zuwa. Tafiyar yau da kullum a kan kafiretar tsakiya kaɗai take yi. Ka taka totur sosai, zuƙar iska ta buɗe na gaba da na baya. Tafet ɗinta na mai ne, ba ruwanka da saiti. Bonet ɗin faiba ne baƙi, ba hinji, fil huɗu ke riƙe shi, mutum biyu ke ɗaga shi su ajiye gefe. Baƙaƙen rim na ƙarfe ba kwalliya, aksul Dana 60 a baya. Daga danja zuwa danja, Hemi da ba a saita da kyau ba bayanta yake kallo.

Tana da nata laifin. Birkin ganga ne, ka taka shi da ƙarfi sau biyu a jere na uku ya yi sanyi. Jikinta da shasi haɗe suke, tsatsa tana cin gindin but da sandar da ke riƙe ƙarafan toshan na gaba, can za ka fara leƙawa da tocila. Kuma ita ma man zinki take sha, kada ka ce ban faɗa ba.

Amma Chrysler ta yi wa bakanike adalcin da Chevrolet ba ta yi ba. Harafi na biyar a lambar jikin motar yana faɗa maka injin da ta fito da shi daga kamfani: M ne 440 mai kafireta uku a 1969, V a 1970 da 1971, Hemi kuwa H ne a 1966, J daga 1967 har 1969, daga 1970 ya koma R. GTO ma daga 1966 zuwa 1971 lambarta da 242 take farawa. Rubuta su a bangon can kusa da kwamfuresa, ka je ka faɗa wa masu fentin. Sannan ka dawo ka wanke mini tof silindan nan da ka bari tun safe.