Tambaya da Amsa: Me ya haɗa jirgin ruwa da gajimare?

TAMBAYA: Malam, na ga wani hoto da tauraron ɗan'adam ya ɗauko daga saman tekun Pasifik. Ga wasu dogayen layuka farare fat a cikin gajimare, kamar an ja su da alli, an ce wai sawun jiragen ruwa ne. Yaya jirgin da ke kan ruwa zai bar sawu a sama? Daga wani ɗalibin sakandare.

AMSA: Ɗana, hoton nan ba haɗi ba ne. Tun shekarun 1960 masana ke ganin irin layukan.

Abin da za ka fara riƙewa shi ne, tururin ruwa ba ya zama ɗigo haka kawai, sai ya sami wata 'yar ƙwaya da zai lafe a jikinta. Wani ɗan Sikotilan, John Aitken, ya nuna haka a 1880. Ya cika tulun gilashi ɗaya da iskar ɗaki, ɗayan kuma da iskar da ya tace da auduga, sannan ya tura musu tururi. Na farkon ya turnuƙe da hazo, na biyun ko gezau. Duk ɗigon da ke cikin gajimare, akwai ƙwayar da ya taru a kanta.

To a tsakiyar teku, inda babu ƙurar hanya, ina ake samun ƙwayoyin? Na farko gishiri. In igiyar ruwa ta karye, kumfa ya fashe, sai ya watsa feshi sama, ruwan ya bushe, gishirin ya yi ta yawo a iska. Ka dai san halin gishiri: bar shi a buɗe ranar da ake laima, ka dawo ka tarar ya jiƙe. Sai kuma ƙananan tsirran teku waɗanda ido ba ya gani, masu fitar da wata iska mai farar wuta a ciki. Ita ce wani ɓangare na ƙarnin da ake ji a bakin teku, kuma a sama takan rikiɗe ta zama ƙwayoyi.

Duk da haka iskar teku matalauciya ce. A gurbin da bai fi kan ɗan yatsa ba, gajimaren tsakiyar teku sau da yawa bai kai ɗigo 100 ba, na kan tudu kuwa ɗaruruwa ne. Sai ga jirgi ya ratso yana tuttula hayaƙi mai cike da ƙwayoyi, har da na farar wutar da ke cikin mansa. Ruwan bai ƙaru ba, masu rabonsa ne suka yi yawa, kowa ya sami ɗan kaɗan. Ɗigo ƙanana masu yawa sun fi mayar da hasken rana sama, shi ya sa wurin ke yin fari fat. Wani masani mai suna Sean Twomey ne ya warware wannan a shekarun 1970. Ƙananan kuma ba sa saurin haɗuwa su zubo, don sai wajen miliyan ɗaya sun taru kafin a sami ɗigon ruwan sama guda.

Abin da ya fi ɗaure mini kai ya faru ne a 2020. Hukumar sufurin jiragen ruwa ta duniya ta rage farar wutar da aka yarda man jirgi ya ƙunsa daga kashi 3.5 zuwa 0.5 cikin ɗari, don lafiyar huhun mutane, kuma ni ina ganin ta yi daidai. Layukan suka ragu a hotuna. Yanzu masana na ta muhawara kan yawan zafin da teku ya ƙara sha bayan an yaye masa wannan 'yar inuwa.